Zaure ɗaya, ƙofa biyar: kundin aikin haɗa bayanan marasa lafiya a Daura

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko a ofishin babban likitan asibitin da ya ba mu masauki a cikin garin Daura. Hazo ya rufe gari, ƙura har kan allon kwamfuta. Ni aka ɗora wa rubuta inda aka kwana lokaci zuwa lokaci, domin waɗanda suka sa kuɗinsu da waɗanda za su gaje mu su san abin da aka yi da dalilin yin sa.

Wurare biyar ne suka yarda su shiga, dukkansu masu zaman kansu: wannan asibitin, wani asibitin haihuwa, ɗakin gwaje-gwaje guda, babban kemis guda, da wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye ta wajen Zango. Jama'arsu ɗaya ce. Wadda ta yi awo a nan, can za ta kai jininta, can kuma ta karɓi magani. Amma kowa da irin littafinsa. Asibitin da muke zaune yana amfani da manhajar ajiye bayanan marasa lafiya mai suna OpenMRS. Na haihuwa ya sayi manhaja daga wani kamfani. Ɗakin gwaji a Excel yake rubutu, kemis yana da manhajar lissafin kaya, na ƙauye kuwa rajista ce da biro.

Abin da ya kawo ni cikin aikin nan goggona ce. Bara ta kwanta rashin lafiya, aka ɗebi jininta sau uku cikin kwana huɗu, gwaji iri ɗaya, saboda duk inda aka kai ta ba su ga sakamakon baya ba. A na ukun ta miƙa hannu tana kallona ta ce, "Ɗan nan, wai jinin nan sayar da shi ake yi?" Ban manta da fuskarta ba.

Likita ya tambaye ni wace manhaja za mu saya da za ta haɗe kowa. Na ce, "Yallaɓai, a ba ni wata guda kafin a sayi ko da waya ce. Ba a sayen kwano da ƙusa kafin a zana gida." Masu wannan fanni suna da tsarin da suke kira TOGAF, wanda ya fara fitowa a 1995, kuma abin da na ɗauka daga cikinsa hawa huɗu ne: aikin da mutane ke yi, bayanan da aikin ke haifarwa, manhajojin da ke riƙe da bayanan, sannan na'urori da wuta da intanet. Daga sama ake farawa. Ya yarda, ko da yake na ga alamar wata gudan ya yi masa tsawo.

Laraba, 29 ga Janairu

Mako biyu na yi ina zaune a benci ina kallo. Na bi mata masu ciki, da izininsu, tun daga teburin kati har bakin ƙofar fita, ina rubuta duk inda aka tambayi sunansu. Wata sau shida aka rubuta sunanta a wuni ɗaya, kuma ba a rubuta shi iri ɗaya sau uku ba.

Zanen da muka tsaya a kai shi ne na OpenHIE, tsarin musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji, wanda ƙasashen Afirka da dama suka gina nasu a kansa. Idan kowace manhaja za ta yi magana da kowace kai tsaye, wurare biyar hanya goma suke buƙata, ranar da na shida ya shigo su zama goma sha biyar. Don haka za mu gina zaure. Duk saƙon da zai fita ko ya shiga ta nan zai bi, a duba wa ya aiko shi, a rubuta lokacin, a miƙa shi inda ya dace. Manhajar da za ta yi mana aikin zauren ita ce OpenHIM, wadda ƙungiyar Jembi ta Afirka ta Kudu ta ƙera, kyauta ce. A bayan zauren akwai ɗakuna: rajistar marasa lafiya, rajistar asibitoci, ƙamus na sunayen cututtuka da gwaje-gwaje, da ma'ajiyar taƙaitaccen tarihin kowane mara lafiya.

Harshen da saƙonnin za su yi amfani da shi FHIR ne, zubi na huɗu. Ƙungiyar HL7, wadda aka kafa a 1987, ita ke fitar da shi. Na biyar ya fito a 2023, amma kayan aikin da muke da su sun fi sabawa da na huɗu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Nan ne aikin ya nuna mana ainihin fuskarsa. Mun kwashe sunaye daga asibitoci biyu muka sa kwamfuta ta nemo waɗanda suke mutum ɗaya, ta rasa inda za ta sa kanta.

Muhammadu a nan, Mamman a can, a wani katin kuma an taƙaice shi da haruffa huɗu. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu. A'isha ta zama Indo, Hauwa ta zama Kulu, Fatima ta zama Binta. Duk Bahaushe ya san wannan tun yana goye, amma manhajar da aka ƙera a Turai ba wanda ya gaya mata. Mace ta ba da sunan mahaifinta a asibiti ɗaya, a ɗayan mijinta ne ya karɓo mata kati ya sa nasa. Ga kuma kunya: uwa ba za ta faɗi sunan ɗan farinta ba, sai ta ce "yaron nan", wata 'yar rakiya ta faɗi laƙabin da ake kiransa a gida. Jaririn da bai yi kwana bakwai ba bai da suna ma tukuna, an rubuta shi da sunan uwarsa, bayan suna ya dawo rigakafi a buɗe masa sabon kati.

Na zaci ranar haihuwa za ta raba gardama. Ashe manhajar asibitin haihuwa ba ta yarda a bar gurbin ba komai, shi ya sa ma'aikata suke sa 1 ga Janairu ga duk wanda bai san ranarsa ba. Lambar waya kuma ta maigida ce, mutum goma sha na gida ɗaya suna kanta. Lambar NIN mai alƙaluma 11 ita ce ta fi komai ƙarfi idan an samu, sai dai mata da yawa ba sa zuwa da ita, yara ƙanana galibi ba a yi musu ba, kuma mutanenmu na Nijar da ke ƙetarowa ta Kongolam da Mai'aduwa neman magani ba su da ita kwata-kwata. Ba za mu ce wa mai naƙuda ta koma ta ɗauko takarda ba.

Har haruffanmu sun ba mu aiki. Ɗanladi da aka rubuta da ƙugiya, da ya fito daga tsohuwar manhajar sai ya iso da alamar tambaya a madadin harafin farko. Waƙafin saman da ke cikin Sa'adatu da A'isha kuwa tsayar da binciken yake yi cak. Mun gyara waɗannan cikin kwana biyu, mun tilasta wa kowa tsarin rubutu na UTF-8.

Mai kula da ɗakin kati na asibitin, dattijo ne da ya shekara ashirin da wani abu a teburin nan, shi ya fitar da mu. Ya zauna kusa da ni yana kallon allo, ya ce, "Malam, kai sunan kake tambaya. Ni gidan nake tambaya. Gidan wa, wace unguwa, wa ke mai unguwarku." Da bakinsa muka rubuta jerin sunaye da laƙabobinsu, nas-nas suka yi ta ƙarawa, har yanzu ana ƙarawa. Muka sa gurbin gida da unguwa da sunan uwa. Abin da ya faranta mini rai, FHIR bai hana mu ko ɗaya ba: yana karɓar suna fiye da ɗaya ga mutum guda, na takarda da na kira da na wucin gadi, kuma yana karɓar shekarar haihuwa ita kaɗai ba wata ba rana.

Talata, 18 ga Maris

Azumi ya kai goma sha takwas, aiki daga safe zuwa azahar muke yi. A gwajin jiya kwamfuta ta haɗe Hassana da Husaina ta mai da su mutum ɗaya: uwa ɗaya, rana ɗaya, gida ɗaya, waya ɗaya, suna kusan ɗaya. Da a aikin gaske ne, da allurar da aka yi wa ɗaya ta hau katin ɗayar, a bar yarinya ba rigakafi ana ganin an yi mata.

Mun yanke hukunci, kuma ni na fi kowa dagewa a kai. Kwamfuta ba za ta narkar da kati biyu su zama ɗaya ba, har abada. Za ta ɗaura musu zare ne kawai, wanda ake iya kwancewa. Inda take shakka ta ajiye wa mutum ya duba. Kati biyu ga mutum ɗaya ɓata lokaci ne, kati ɗaya ga mutum biyu kuwa yana iya kashe rai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Za mu kuma buga katinmu na bai ɗaya, mai lambar da ake haskawa da waya, da alƙalamin ƙarshe mai gadi wanda ke kama kuskure idan yatsa ya zame wajen bugawa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi ya kashe mana babbar kwamfutar sau biyu a mako guda. Mun ɗauke ta daga ɗakin da ke kallon yamma, mun ƙara batir biyu a kan sola, an sa fanka. Tun daga nan lafiya.

Kamfanin da ya sayar wa asibitin haihuwa manhaja ya ce sai an biya kuɗi mai kauri kafin ya buɗe ƙofar da za a riƙa fitar da bayanai. Bayanan matan Daura ne, ungozomomin Daura suka rubuta da hannunsu, amma mai asibitin ba ta da ikon ɗiban su. Hajiya, mai asibitin haihuwar, ta ɗauko takardar yarjejeniyar muka karanta tare, babu layi ko ɗaya da ya ce bayanan nata ne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Bayan doguwar magana sun yarda su riƙa fitar mana da jadawali kowane dare, mu juya shi zuwa FHIR da kanmu. Na rubuta sakin layi guda da duk mai sayen manhaja cikinmu zai sa a yarjejeniya daga yau: bayanai na asibiti ne, kuma za a ba shi su a tsarin da kowa ke iya karantawa, duk ranar da ya nema, ba ƙarin ko kwabo.

Laraba, 14 ga Mayu

Saƙon farko ya bi ta zaure. Ƙarfe goma da 'yan mintuna aka saka sakamakon wata mai ciki a ɗakin gwaji, kafin ta samu mai babur ta koma asibitin haihuwa ya riga ta isa. Ungozoma ta kira ni tana ta hamdala.

Murnar ba ta yi awa biyu ba ta sake kira. "Malam, wannan tara ɗin da na gani, tara ta me?" Ɗakin gwaji yana da shafi guda da ya sa wa suna "jini". Wani ma'aikacin yana rubuta awon himogulobin a ciki, wani yana rubuta kason ƙwayoyin jini cikin ɗari, wanda ma'aikata ke kira PCV. Himogulobin 9 ƙarancin jini ne da ake bi da magani da abinci. PCV 9 kuwa mace ce a bakin kabari, sai ƙarin jini nan take. A takarda ungozoma tana gane rubutun hannun wanda ya yi gwajin, ta san abin da yake nufi. Allo ya shafe wannan shaidar. Haka suga: wata na'urar tana ba da 7, wata 126, kuma abu ɗaya suke faɗa, don ma'aunin ne ya bambanta da ninki 18.

Mun dakatar da tura sakamako. Duk gwajin da ɗakin ke yi sai an ba shi lambarsa ta LOINC, ƙamus ɗin gwaje-gwaje da cibiyar Regenstrief ta Amurka ta fara a 1994. Himogulobin a jini, alal misali, 718-7 ne, ko a Daura ko a Damagaram. Zaure kuma zai mayar da duk sakamakon da ya zo ba lamba ko ba ma'auni. Shugaban ɗakin gwajin bai ji daɗi ba da farko, yana ganin an raina aikinsa. Na je har wurinsa bayan la'asar muka zauna, na nuna masa tara ɗin nan a allo ba tare da sunan kowa ba, na ce ya gaya mini ta mece ce. Ya yi shiru, sannan ya jawo kujera ya ce mu fara daga gwajin farko.

Litinin, 23 ga Yuni

Mun dawo daga hutun babbar salla, sakamako ya ci gaba da tafiya. Wannan makon na amana ne.

Daura gari ne da kowa ya san kowa. Idan mai ba da magani a kemis zai iya buɗe tarihin 'yar maƙwabcinsa, to mun gina abin cutarwa. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin mara lafiya sirri ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Mun raba wa kowa iyakarsa. Ma'aikacin teburin kati ba ya ganin komai sai suna da unguwa. Kemis yana ganin maganin da aka rubuta da wanda jikin mutum ba ya so. Sakamakon gwajin ƙanjamau ba ya bi ta zaure sam a wannan matakin. Duk wanda ya buɗe fayil, zaure yana rubuta sunansa da lokacin, kuma Hajiya da Likita za su riƙa duba wannan rajistar duk wata.

Takardar neman izini mun rubuta ta da boko da ajami, ana kuma karanta wa mutum da baki. Wani dattijo ya saurara har ƙarshe ya ce, "'Yata, in na ce a'a, za a duba ni?" Nas ta ce, "Za a duba ka, Baba, ba abin da zai ragu." Ya ce to a bar nasa a nan. An bar shi. Na ji daɗin yadda ta amsa masa ba tare da ta matsa ba.

Juma'a, 1 ga Agusta

Damina ta kankama, zazzaɓi ya cika benci. Yanzu ne muka taɓa rahoton wata-wata.

Kowane asibiti yana cike fom ɗin taƙaitawa na ƙasa, a kai wa jami'in bayanai na ƙaramar hukuma, daga nan ya shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norwe ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya ke tara alƙaluman lafiya a cikinta. Kwana biyu zuwa uku ma'aikaci ke yi yana ƙirga layukan rajista da yatsa. Burinmu kwamfuta ta fitar da alƙaluman, mutum ya duba ya sa hannu. Ba mu taɓa rumbun gwamnati ba, a kan kwafin gwaji namu muke aiki, kuma fom ɗin takarda yana tafiya yadda ya saba.

Da muka gwada na Yuni, lissafin kwamfuta da na hannu suka ƙi haɗuwa a zazzaɓin cizon sauro, tazara mai yawa. Kwana uku muna neman ɓarakar a manhaja, ashe a bakin mutane take. Fom ɗin ya raba wanda ya zo da zazzaɓi, da wanda aka yi wa gwaji, da wanda gwaji ya tabbatar, da wanda aka ba magani bisa alamu kawai. A asibiti ɗaya duk mai zafin jiki a damina "maleriya" ake rubuta masa. A ɗayan sai tsinken gwaji ya nuna layi biyu. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuma shekara da shekaru ana tara su wuri guda.

Likitoci da malaman asibiti suka zauna yammaci biyu, ni ina gefe ina rubutu. Sun tsaya a kan ICD-10, zubi na goma na jerin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya: B50 idan gwaji ya nuna ƙwayar falsifarum, B54 idan an kira shi maleriya ba a fayyace iri ba, R50.9 idan zazzaɓi ne da ba a gano sanadinsa ba. Wani matashin likita ya ce me ya sa ba za mu tafi ICD-11 kai tsaye ba, tunda ya fara aiki tun 1 ga Janairu, 2022. Yana da gaskiya a kan inda duniya ta nufa. Amma ma'aikatanmu na goma suka sani, don haka ƙamus ɗinmu zai riƙe lambobin biyu gefe da gefe, ranar sauyi ta zo ba sai an rushe gini ba. A allo kuwa ma'aikaci Hausa yake gani: ƙyanda, mashaƙo, tamowa, amosanin jini, hawan jini. Lambar tana ɓoye a baya.

Talata, 9 ga Satumba

Na kwana biyu a ƙauye. Malamar asibitin ta karɓi kwamfutar hannu da hannu biyu, amma ta ce ba za ta ajiye rajistarta ba sai ta ga damina ta wuce lafiya. Na goyi bayanta. Sabis a can sai an yi sa'a, wani lokacin ma na Nijar wayar ke kamawa, shi ya sa na'urar ke ajiye komai a cikinta ta tura idan ta samu hanya.

Matsala guda ta ɓullo. Batir ya ƙare ƙaf, agogon na'urar ya koma wata tsohuwar shekara, awon mata goma sha ɗaya ya iso zaure da kwanan watan da ya riga haihuwar wasunsu. Da rajistar takardar nan muka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu na'urar ba ta buɗewa sai ta nuna kwanan wata da manyan baƙaƙe malama ta tabbatar.

Katin bai ɗaya ya fara kama ƙasa. Na ga wata ta kwance bakin zaninta ta fito da leda, katinmu na ciki tare da katin rigakafin ɗanta. An haska, awonta na cikin gari ya fito, har da maganin da aka ce jikinta ba ya so. Malama ta mayar da kwalbar da ta riga ta ɗauko, ta ɗauko wata.

Abin da ya rage a gabanmu shi ne wanda ya fi damuna. Idan ciwo ya fi ƙarfinmu aka tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Kano, zaurenmu bai kai can ba. Kafin a samu wata hanya, za mu buga taƙaitaccen tarihi a shafi guda: cuta da lambarta, magungunan da yake sha, sakamakon gwaji da ma'auninsa da ranarsa, a ba ɗan rakiya a hannu. Na zana samfuri biyu. Likita yana son a ƙara rukunin jini a sama, Hajiya tana son adadin haihuwa da ɓari su fito fili. Ranar Alhamis za mu zauna a kai, kuma na roƙi direban motar asibiti ya zo, don shi ya san inda takarda ke ɓacewa tsakanin Daura da Katsina.